Sallamar da Babanku Bai Amsa Ba

Nafi'u, Rumasa'u, Jafaru, ku matso ku saurare ni.

Na kira ku a waya, kowa ya ce yana cikin wani uzuri zai neme ni. To ga ni na biyo ku inda kuke wuni.

Ku kuma masu bibiyar shafin nan, ku zauna, ba na korar kowa. Yau maganar cikin gidana zan yi.

Wata rana, wata biyar ke nan, Nafi'u ya shigo gidan nan da wani dogon kwali a kafaɗa, wani magidanci na biye da shi da jakar kayan aiki.

Na ce, "Wannan kuma fa? Taɓarya ka sayo mini?"

Ya ce, "Inna, sifika ce. Sawunba ake ce mata. Baba na kawo wa."

Ga wanda bai san mu ba, mijina Malam Haladu tela ne. Shekara arba'in ya yi a kan keke a nan Kano kafin ya ajiye. Shekara biyu ke nan hawan jinin ido ya ci ganinsa. Yana rarrabe haske da duhu. Fuskar mutum kuwa, ko da a gabansa kake tsaye, ba ya gane ta.

Idon a buɗe yake garau. In ka gan shi ba za ka ce komai ba.

Ya san hanyar masallaci da ƙafarsa, ya san inda buta take, ya san taku nawa ne daga ɗakinsa zuwa falo. Sauran duniya kuwa da kunne yake bin ta.

Shi ya sa Nafi'u ya ce tunda Baba ba ya kallo, bari a gyara masa ji.

Ban taɓa cewa niyyarka ba ta da kyau ba, Nafi'u. Yau ma ban faɗa ba.

Mai haɗawa ya kwantar da doguwar a ƙarƙashin talabijin. Sai ya zaro wasu ƙanana guda biyu daga kwalin, kowace ba ta wuce gwangwanin madara babba ba, yana dube-duben bango.

Na ce, "Waɗannan ina za su?"

Ya ce, "Na baya ne, Hajiya. Ƙa'idarsu sai a bayan mai zama."

Na ce, "Bayan mai zama ai ƙofa ce."

Ya ce, "To ƙofar ta samu."

Haka aka yi. Kujerar babanku dama ta ba ƙofa baya, domin hasken waje yana sa masa ciwon kai. Aka kafa ɗaya a kusurwa, aka kafa ɗaya a jikin bangon ƙofar falo, daidai tsayin bakin mutum in yana tsaye.

Nafi'u ya danna wani abu a rimot wanda ke sa magana ta fito ta kowace sifika, gaba da baya. Ya ce haka Baba zai fi ji.

Ranar farko an sha daɗi, ba zan ɓoye ba.

Aka sa wani wasan kwaikwayo, a ciki ruwan sama ya sauko. Babanku ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, kwashe shanyarki."

Na ce, "Malam, watan Maris muke ciki."

Shi da kansa ya fi kowa dariya. Ya ce, "Kai, wannan abu maƙaryaci ne, amma ya iya."

Daga nan ya kama. Tafsiri da safe, labarai da rana, wasan kwaikwayo bayan la'asar. Ya taɓa ce mini ji yake kamar an fasa masa taga a ɗakin da aka daɗe da toshewa. Mutumin da ya yi shekara guda ba ya son zama a falo, sai ga shi yana tambaya ko an kawo wuta.

Sai dai akwai abin da babu wanda ya lissafa a cikinmu.

A wasan Hausa, ba a shiga ɗaki sai da sallama.

Shi kuma babanku, bakinsa ya riga kansa amsa sallama. Shekara arba'in kansa na sunkuye a kan allura, mutane na shigowa shago ta bayansa, yana amsawa bai ɗago ba. Ko barci yake ka yi sallama, leɓensa zai motsa.

Yanzu ga sallama tana fitowa daga jikin ƙofarsa, ta bayan kunnensa.

Sai ya amsa.

Da farko a hankali ne. Ya amsa, ya jira, in ya ji ba kowa sai ya yi gyaran murya ya ci gaba da sauraro. Ni na gani, na kawar da kai.

Sai ranar wata Lahadi da kuka taru duk ku uku da iyalanku, ana cin dambu.

A talabijin wata mata ta yi sallama, irin doguwar sallamar nan ta mai zuwa da magana. Babanku ya amsa da ƙarfi, ya janye ƙafafunsa, ya gyara hula.

Ya ce, "Maraba, maraba. Ku shigo mana. Rumasa'u, shimfiɗa musu tabarma, ki kawo ruwa."

Kowa a falon ya toshe baki yana danne dariya.

Da nan aka tsaya, da ban yi wannan rubutun ba. Dariya tana kufce wa kowa.

Amma ke Rumasa'u, sai kika ɗauki rimot kika mayar da wurin baya. Kika saita wayarki. Matar ta sake sallama, babanku ya sake amsawa, har da cewa, "Ku yi haƙuri, an bar ku a tsaye."

Kika tura a gurup ɗin gida.

Kai kuma Jafaru ka rubuta a ƙasa: "Baba ya yi baƙi daga cikin bango."

Kada ku ɗauka na wanke kaina. Nawa ya fi naku.

Washegari ina kicin ina gyaran zogale, na buɗe bidiyon. Na kalla na yi dariya. Na sake kunnawa. A na uku sai na ji motsi.

Babanku ne tsaye a bakin ƙofar kicin da buta a hannu.

Ya ce, "Hajiya, wa nake yi wa maraba a cikin wayarki?"

Na yi sauri na kife wayar a kan zogalen.

Ya ɗan tsaya. Sannan ya ce, "Har sau biyu aka sa ni, ko? Na ji kamar matar ta maimaita."

Ya juya ya tafi alwalarsa.

Bai yi faɗa ba. Bai kira kowa a cikinku ba. Ku da kanku kun san da ya yi faɗan da ya fi sauƙi.

Tun daga ranar, in yana falo, bai ƙara amsa sallamar da ta fito ta bayansa ba. Sai ka zagayo gabansa, ko ka dafa kafaɗarsa. Liman ma da ya zo duba shi sai da na shigo da shi da kaina.

Na taɓa ce wa Nafi'u a cire ta jikin ƙofar.

Ya ce, "Inna, in aka cire ɗaya sautin ya karkace."

Na ce to. Na bar maganar a nan, don ina da abin yi.

Yanzu bari in gaya wa baƙin shafin nan wane ne Tanimu, domin 'ya'yana sun san shi, ko da yake sun yi kamar sun manta.

Tanimu ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Su biyu suka rage. Yana can Rano, a gidan da aka haife su. Babanku ne ya goya shi, shi ya kai shi makaranta, shi ya ɗinka masa rigar aurensa.

Shekara bakwai da suka wuce Tanimu ya aurar da 'yarsa ta fari. Kowa ya san a wajenmu uba ba ya ɗaura wa 'yarsa aure da bakinsa in yana da wa a raye. Wan ne waliyyi.

Tanimu ya ba wani abokinsa walicci, mai gidan mai.

Babanku yana zaune a sahun gaba, da babbar rigarsa, ya ji an kira sunan wani. Ya jira aka shafa fatiha, ya tashi ya nemi takalminsa. A bakin masallaci ya ce wa Tanimu, a gaban mutane, "Tunda ka samu wa, ka riƙe shi. Kada ka sake taka ƙofata."

Tanimu bai sake takawa ba.

Shekara bakwai. Sallah goma sha huɗu. Na yi magana har na gaji. Kowannensu yana jiran ɗaya ya fara.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, na shiga maƙwabta barkar haihuwa. Na bar babanku a falo, an kawo wuta, wasansa na tafiya. Labulen ƙofar a ɗage yake saboda zafi.

Ban wuce minti arba'in ba.

Da na dawo sai na ga baƙar leda a kan dokin ƙofar falo, an ajiye ta a tsanake, an ɗaure bakinta.

Na kwance. Goro ne fari manya, da alewa, da katin ɗaurin aure.

Na karanta katin a tsaye.

Auren Sa'adiyya ne, autar Tanimu. A saman katin, inda ake rubuta iyalan amarya, ba sunan Tanimu aka sa ba.

"Iyalan Malam Haladu Rano."

Na fita ƙofar gida ba mayafin kirki. Na tambayi Malam Gambo mai shago ko ya ga wani ya shiga.

Ya ce, "Wani dattijo mai farar riga, yana ɗan ɗingishi. Ya tambaye ni ko Malam na nan, na ce yana falo. Bai daɗe ba ya fito. Na ce masa har an gaisa? Bai kula ni ba. Ya tare adaidaita ya tafi."

Na koma ciki. Na kashe talabijin. Na zagaya gaban babanku na zauna a ƙasa.

Na ce, "Malam, ka yi baƙo?"

Ya ce, "Ban yi ba."

"Ba ka ji sallama ba?"

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. Sannan ya ce, "Na ji. Sau uku."

"Muryar wa?"

"Muryar Tanimu."

"Ka ji muryar ƙaninka ka yi shiru?"

Ya ce, "Na waiwaya, Hajiya. Haske kawai na gani. Sai na ce a raina, yau kuma abin nan har muryar Tanimu ya samo. Na ce in na amsa, wata wayar tana nan tana jirana."

Na ɗora masa katin a tafin hannu.

Ya shafa shi gaba da baya. Ya ce, "Mene ne?"

Na karanta masa.

Ya ce, "Sake karanta na saman."

Na sake.

Na zauna da mutumin nan shekara arba'in da uku. Na ga ranar da ya binne mahaifiyarsa. Na ga ranar da likita ya ce masa idon ba zai dawo ba. Ban taɓa ganinsa yadda na gan shi ranar Talata ba.

Ya ce, "Sau uku ya yi. Yadda aka koya mana. Ya yi uku, ba a amsa ba, ya juya."

Na kira wayar Tanimu. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira da ta babanku. Aka katse. Na kira matarsa, ta ce bai iso ba tukuna. Da yamma na sake kiranta, ta ce ya iso, ya shiga ɗaki ya rufe, ya ce kada a yi masa zancen Kano.

Babanku ya ce a kai shi tasha a ranar. Ya miƙe sai jiri ya mayar da shi kujera. Na auna jininsa da na'urar da Jafaru ya kawo, abin da na gani ya sa na ce babu inda za shi.

Na ce, "Ni zan je gobe."

Ya ce, "Ki je. Amma ki yi mini alkawari ɗaya. Kada ki gaya masa zancen idona."

Na ce, "Malam, ai nan maganar take."

Ya ce, "Na kore shi ina gani. Ba zai dawo mini don ya ji na makance ba. In zai dawo, ya dawo wa yayansa, ba wa abin tausayi ba."

Na yi gardama. Ya ce in ban yi alkawari ba, ban tafi da yawunsa ba.

Na yi.

Laraba da sassafe na hau mota zuwa Rano.

Tanimu ya karɓe ni yadda ya kamata, ba zan yi masa ƙarya ba. Aka shimfiɗa mini darduma, aka dama fura. Ya tsufa. Gemun nan duk ya yi fari, ƙafar hagu kuma tana ba shi wahala. Da ƙafar nan ya hau mota biyu da adaidaita ya zo ƙofarmu.

Na faɗa masa zancen sifika tiryan-tiryan. Inda aka kafa ta, yadda take yi, yadda yara suka yi dariya.

Ya saurara har na gama. Sai ya yi murmushi.

Ya ce, "Hajiya, tun kina amarya kin iya ɗinke ɓaraka. Ko Yaya da kekensa bai kai ki ba."

Na ce, "Tanimu, ni sa'ar wasanka ce a da. Yau ba wasa ya kawo ni ba."

Ya ce, "To na yarda. A ce bai san muryata ce ba. Sifikar ce ta juya masa wuya?"

Na ajiye ludayin fura.

Ya ce, "A sallama ta uku ya waiwayo. Tsakanina da shi bai fi daga nan zuwa randar can ba. Ya dube ni, ido cikin ido, kamar yadda nake kallonki yanzu. Na buɗe baki zan ce Yaya. Sai ya mayar da kansa ga talabijin."

Maganar tana bakina. Kalma uku ce. Ba ya gani.

Na haɗiye ta da fura.

Ya ce, "Ni na yi laifi shekara bakwai da suka wuce, na sani. Shi ya sa ban aiko yaro ba, ban yi waya ba, na zo da ƙafata. Na buga sunansa a kati tun kafin in tambaye shi, don ya san ba neman shawara na zo ba, kawo masa haƙƙinsa na yi. Ya ba ni amsa. Na karɓa."

Na ce, "Walicci fa?"

Ya ce, "Limamin unguwa zai yi. Shi ba zai juya mini ƙeya ba."

Sa'adiyya ce ta raka ni bakin titi, tana riƙe da jakata. Rabona da ita tun tana 'yar firamare. Sai da mota ta tsaya ta ce, "Inna, ni na matsa wa Baba ya je. Na ce ba na son baƙo ya ba da ni alhali Baba Haladu yana raye. Laifina ne?"

Na ce, "Ba naki ba ne, 'yar nan. Masu laifin suna Kano, da ni a cikinsu."

Da na dawo na gaya wa babanku duk yadda aka yi, ban rage ba.

Ya ce, "Ya yi daidai. Ko ni ne haka zan yi."

A ranar na hau kujera da tsufana na cire ƙananan sifikun biyu na mayar da su kwali. Doguwar tana nan, amma ya hana a kunna.

Da kansa ya ja kujerarsa ya juya ta, ta fuskanci ƙofa. Hasken da ke sa masa ciwon kai, shi yake zama yana kallo daga hantsi har azahar.

Ko takalmi ya ji a tsakar gida, kafin mutum ya buɗe baki ya riga ya ce wa'alaikumussalam.

Jiya iska ta kaɗa ƙyauren gida, ya amsa.

Babu wanda ya yi dariya. Ni kaɗai ce a gidan.

Kwana huɗu ina juya alkawarin nan a raina. Zan iya cewa Tanimu kaɗai babanku ya hana ni gaya wa, bai hana ni gaya wa duniya ba. Amma wannan wayon yara ne, ni na girme shi.

Gaskiya ita ce na karya alkawari, da sanina, da rana tsaka. Zan gaya masa da bakina kafin wani ya karanta masa. Zai yi fushi. To, ya yi ɗin. Fushinsa da ni na san maganinsa, shekara arba'in da uku ina sha. Ɗan'uwa kuwa guda ɗaya ya rage masa, ba ni da wani da zan ba shi.

Tanimu, in wannan ya iso gare ka: yayanka bai gan ka ba. Shekara biyu ke nan bai ga fuskar kowa ba, har tawa. Abin da ka gani a idonsa ba ƙiyayya ba ce. Nemanka yake yi a cikin haske bai same ka ba.

Darasi:

In za ku kawo wa tsoho sabon abu, kada ku tsaya a kan yadda abin yake aiki. Ku dubi yadda tsohon yake rayuwa. Mai haɗawa ya san ƙa'idar sifika. Mu ne muka san ƙa'idar ƙofar gidanmu, muka yi shiru.

Kuma in tsohonku ya yi kuskure saboda ladabin da ya saba da shi, ku kama bakinku, ku ajiye wayarku. Mu mun yi dariyar minti ɗaya. Shi kuwa ya daina abin da ya yi shekara saba'in yana yi, don kada a sake yi masa. Ba mu san wa zai tsaya a ƙofar ba ranar da ya daina.

Wanda duk yake da tsoho a gida, ya tura wa 'yan'uwansa wannan. Wanda kuma yake da wani a Rano, ya tura can, ya ce a karanta wa Malam Tanimu na bayan tsohuwar kasuwa, a hankali, ba a gaban jama'a ba.

Saura ku.

Rumasa'u, ki goge abin nan a wayarki, ki sa kowa ya goge, sannan ki zo ki durƙusa a gaban babanki ki faɗi abin da kika yi da sunansa. Kada ki ce "in na ɓata maka." Kin ɓata.

Nafi'u, kai ka san yadda na'urar take. Kai za ka zauna gaban baffanka ka yi masa bayani har ya gane, ko da sai ka ɗauke ta ka kafa masa a tasa ƙofar ya ji da kunnensa.

Jafaru, motarka ce za ta yi tafiyar. Ka zo da wuri, ka biya da babanku asibiti a duba jininsa. In likita ya yarda, a gaba zai zauna. In bai yarda ba, ku uku ku tafi, kada ku dawo sai da Tanimu.

Kada wanda ya kira ni ya ce Inna yi haƙuri. Ba ni aka ɓata wa ba.

Ɗaurin auren ranar Juma'a ne, da an sauko daga masallaci. Yau Lahadi.

Ku je ku gyara tsakanin iyayenku kafin liman ya tambayi wane ne waliyyin amarya.